Aikin bishara da iyali a tsakanin 'yan lakwal na Paraku: amsoshin tambayoyin da ake yi mana

Tun da muka dawo Yamai daga ƙasar Benin, da wuya a tashi daga sujada ranar Lahadi ban tsaya a ƙofar majami'a ina amsa tambayoyi ba. Wasu kuma ta WhatsApp suke turowa, har cikin dare. Shi ya sa ni da maiɗakina muka zauna muka tattara waɗanda aka fi yi mana, na rubuta amsoshinsu a nan. Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji a Yamai, ita kuma tana aikin jinya. 'Ya'yanmu uku: babbar shekararta 15, mai bi mata 11, auta 4. Mun yi makonni biyar a Paraku cikin hutun damina, bisa gayyatar wata ikilisiya da ke can.

Kiristocin Nijar nawa ne duka-duka, da har za ku bar gida ku tafi wata ƙasa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin wani dattijo da nake ganin girmansa ne ya fara yi mini ita. Gaskiyarsa: a ƙidayar 2012 mabiyan Almasihu a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali a Benin sun kusa rabin jama'a. Wanda ya duba lissafi kawai zai ce ruwa ne aka ɗiba daga tulu aka kai kogi.

Amma ni a asibitin Galmi aka haife ni, can jihar Tawa, asibitin da 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1950. Mishan ɗin kansa ya shigo Nijar ta Damagaram a 1924. Waɗanda suka zo ba su jira kowa ya tuba a ƙasashensu kafin su taso ba. Shekara ɗari ke nan muna karɓa: likitoci, malamai, littattafai. Har mun saba, mun ɗauka ɗan mishan dole ya zama Bature mai mota. Ikilisiyar Antakiya kuwa ba ta daɗe da kafuwa ba lokacin da ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu ta sallame su, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 13 ta nuna. Akwai kuma abin da mu muke da shi wanda 'yan'uwanmu na kudancin Benin ba su da shi sosai: mun tashi a tsakiyar Musulmi. Kawunnanmu Musulmi ne, maƙwabtanmu Musulmi ne, mun san gaisuwa, mun san abin da ke ɓata rai. Arewacin Benin kuwa Musulmi suna da yawa ƙwarai, kuma abin da ikilisiyar da ta kira mu take nema ke nan.

Aikin gida bai tsaya ba. Ƙungiyar nazarin Littafi Mai Tsarki ta ɗalibai tana nan a Yamai, kuma ina tare da su duk tsawon shekarar karatu.

Me ya sa Paraku?

Su suka kira mu. Ba mu buɗe taswira muka zaɓa ba. Faston ya taɓa zama a Yamai, ya san aikina, ya rubuto wa dattawanmu takarda.

Sai da muka isa na ga hikimar abin. Paraku tsohon zango ne na fatake. Ta nan yankin Bargu ayarin Hausawa ke ratsawa zuwa Gwanja sayen goro, kuma har yau akwai unguwar Zongo inda Hausa ke tashi kamar kana Konni. A kasuwa na tarar da albasar Galmi, na tsaya ina kallon buhunan kamar na ga dangi. Kuɗinsu sefa ne irin namu, lakwal da Faransanci ake yi, azuzuwan kwaleji da jarrabawar BEPC da BAC duk tsari guda ne da namu. Ranar da na isa na iya kama alli.

Wane aiki kuka yi takamaimai?

Darussan hutu. Da safe daga ƙarfe 8 zuwa 12, ina koyar da lissafi ga masu shiga aji na ƙarshe na kwaleji da waɗanda suka faɗi BEPC za su sake. Matasa biyu na ikilisiyar, ɗalibai a jami'ar Paraku, suna ɗaukar Faransanci da kimiyya. Yara wajen 60 suka yi rajista, ba a karɓi ko dala ba. Da la'asar, sau uku a mako, akwai zaman Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi ga wanda iyayensa suka yarda. Mun bi labarin Yusufu, sannan na Daniyel, wanda shi ma ɗalibi ne a baƙuwar ƙasa, aka canza masa suna da abinci da harshe. Yaran ƙauye da ke zaune a gidajen dangi a birni saboda karatu sun fahimci wannan labari fiye da yadda na zata.

Maiɗakina kuma takan zauna da 'yan mata ranar Asabar, ƙofa a rufe, babu namiji ko ɗaya. Maganar al'ada, tsafta, samari, da malaman da ke neman yarinya da alkawarin maki. Abin da aka faɗa a ɗakin nan ban ji ba, ban kuma tambaya ba.

Kun shiga makarantun gwamnati kun yi wa'azi?

A'a. Makarantar gwamnati a Benin ba ta addini ba ce, kuma lokacin hutu ne ma. A azuzuwan makarantar ikilisiya muka yi komai.

Ba dabara ba ce, ku jawo 'ya'yan Musulmi da darasi kyauta sannan ku juya musu tunani?

Abokan aikina Musulmi sun yi mini wannan tambaya, kuma ba na jin haushinta, domin na yi kuskuren da ya sa ta cancanta.

Daga Yamai na taho da kaye da bik don rabawa. A bangon kowane kaye mun manna 'yar takarda mai ɗauke da aya. Ranar farko na raba wa kowa, ban tambayi kowa ba. Washegari da hantsi, ina tsakiyar zana alwatika a allo, sai na ji sallama. Wani dattijo ne da farar riga, kayen yana hannunsa a naɗe, ɗansa na bayansa kai a sunkuye. Na fita. Da ya ji Hausata sai ya ɗan sassauta, ya tambaye ni mutumin ina ne. Na ce Galmi. Ya ce shi albasa yake saye daga can shekara da shekaru. Sannan ya buɗe kayen ya nuna takardar da yatsa.

"Malam, lissafi aka ce mini za a koya wa yaron nan. Wannan lissafi ne?"

Na ce, "Alhaji, ba lissafi ba ne. Laifina ne, ban nemi izininka ba. Ka yi haƙuri."

Ya yi shiru yana dubana. Ya ce, "Da ka zo gidana ka ce ga abin da kake yi, da na ba ka wurin zama da ruwa, in ce maka e ko a'a. Amma ta bayan gida?"

Ba ni da amsa. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da safe muka zauna da fasto muka sake tsari: darasin safe na kowa ne, babu wa'azi a ciki, babu addu'ar dole, babu takarda a kaye. Zaman la'asar daban, kuma sai uba ko uwa ko mai riƙon yaro ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda. Muka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ni da wani dattijon ikilisiya, muna faɗa a fili: mu Kirista ne, ga abin da muke yi da safe, ga abin da muke yi da yamma. Ya ɗauke mu yammaci huɗu. Wasu sun janye 'ya'yansu gaba ɗaya. Da yawa sun ce safe kawai. Kaɗan sun ce yaro ya je ya ji. Alhajin nan ya bar ɗansa a darasin safe har ƙarshe, bai taɓa zuwa na yamma ba, kuma ban rage masa komai ba a kulawa.

Ina so kowane yaro ya san Yesu, ba na ɓoye wannan. Amma bangaskiyar da aka saya da kaye, ko aka shigar ta a ɓoye, ba ita Ubangiji ya aike mu da ita ba. Mu da muka ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u, mun kuma ga maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a ɗakunansu, mun san darajar amana tsakanin gida da gida. Wanda ya zo na makonni biyar ya ɓata ta, shi zai hau mota ya tafi, 'yan ikilisiyar garin ne za su zauna da abin da ya bari.

Don me kuka tafi da yara? Ba wahalar da su ba ne?

Surukata ta yi faɗa sosai a kan wannan, musamman saboda auta. Ban ce ba ta da hujja ba.

Ga abin da ban yi tsammani ba. Ni Zabarmancina na kasuwa ne, na gaisuwa da ciniki. 'Ya'yana kuwa a Yamai aka haife su, suna jin sa kamar Hausa. A Paraku ana jin Dendi sosai, Dendi da Zabarmanci kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne. Kafin mako ya cika, babbar 'yarmu ta zama tafintata. Akwai wata yarinya da kullum take barci a aji, kanta a kan tebur. Na yi mata magana da Faransanci sau biyu, ta ce ba komai. 'Yata ce ta zauna kusa da ita lokacin shan iska, suka yi ta hira da Dendi, ta dawo ta gaya mini: tun ƙarfe 4 na asuba take tashi ta taya innarta suyar awara, ta kai tasha, sannan ta zo. Ba ƙyuya ba ce. Muka mayar da ita benci na gaba kusa da taga, 'yata kuma ta riƙa maimaita mata darasin da yamma a tsakar gida. Ranar da ta warware lissafin Fitagoras a allo ita kaɗai, alli na rawa a hannunta, ajin ya tafa mata, ni kuwa na juya na yi kamar ina goge allo.

Da ni kaɗai na je, da ban san wannan ba har in dawo. Ɗalibai kuma suna kallon yadda muke zama: yadda nake magana da uwar 'ya'yana, yadda nake tsawata wa ɗana in ya yi laifi. Wani yaro ya tambayi ɗana ko gaske ne babansa ba ya dukan mamansa. Akila da matarsa Bilkisu ma, abokan aikin Manzo Bulus, tare suka yi ta yawo, gidansu ne majami'arsu.

Wahala kam an sha. Auta ta yi kukan gida mako guda cur, ɗana kuma ya rasa wasan ƙwallon unguwa da ya yi shekara yana jira. Mun tambayi manyan biyu tun kafin mu amsa gayyatar, kuma da babbar ta ce a'a, da mun sake shawara.

Ta wace hanya kuka bi, tunda an rufe iyaka?

Kar ta ɗauke mu daga Yamai ta Doso zuwa Gaya, kusan kilomita 300. Lokacin tafiyarmu, gadar da ta haɗa Gaya da Malanville a rufe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, saboda haka matafiya ta kogi suke ƙetarewa da jirgin ruwa, su hau wata mota a ɗaya gefen. Daga Malanville ta Kandi zuwa Paraku ya ɗara kilomita 300.

Ƙetaren nan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a duk tafiyar. Damina ce, kogin Kwara ya cika ya yi ja, jirgin kuma an loda masa buhuna da babura da mutane har bakinsa ya kusa shan ruwa. Maiɗakina ta duba ta ce ba za mu shiga wannan ba. Masu jirgin suka yi ta ƙorafi, ta ƙi. Muka jira na gaba wanda bai cika ba, muka ƙara kuɗi. Mun sayi rigunan hana nutsewa na yara tun daga Yamai, mutane na dariya muna ɗaura musu. Auta tana kan cinyata, ta riƙe wuyan rigata har muka taka ƙasa.

Kada ka ɗauki labarinmu a matsayin halin da hanya take ciki yau. Akwai matsalar tsaro a arewacin Benin, musamman wajen dajin W, kuma abubuwa na canzawa. Ka tambayi masu masaukinka da direbobi a makon da za ka tashi, ka yi tafiyar rana kawai, kada ka sanar da ranar tafiyarka a Facebook. Wanda ke da hali, akwai jirgin sama zuwa Kwatano, daga can a hau mota zuwa arewa. In masu masauki suka ce a dakata, a dakata.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Fasfo ko katin shaida na manya, takardar haihuwar kowane yaro, da katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Allura ɗaya ta isa har tsawon rai. In uba ko uwa ɗaya ne zai tafi da yara, a nemi takardar izinin ɗayan da hatimin hukuma. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce 'yan ƙasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, za su ci gaba da shiga ba biza har zuwa wani lokaci, don haka a bincika ko hakan na nan. Ka riƙe takardar gayyata daga ikilisiyar da ta kira ka da ta aikowa daga taka. In jandarma ya tambaye ka ina za ka, faɗa masa gaskiya.

Wa ya biya kuɗin?

Kashi uku ne. Mu mun tara daga albashi tun watan Oktoba, muka bar wasu abubuwa, har da ɗinkin Kirsimeti. Ikilisiyarmu ta yi baiko na musamman sau biyu, zumuntar mata kuma ta haɗa mana gero, busasshiyar kuɓewa, kuka da kilishi. Masu masauki suka ba mu ɗakuna biyu da abincin rana. Babu ko sisi daga Turai ko Amurka. Ba don muna ƙin taimako ba, sai don muna so mu gani ko za mu iya, kuma an iya.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta damƙa mini jika biyu a ƙulle cikin leda, ta ce, "Ɗana, ni ƙafata ba ta zuwa, wannan ya je." Da muka dawo na karanta lissafin kowace dala a gaban ikilisiya, abin da ya rage muka mayar. Duk wanda zai tafi da kuɗin jama'a ya riƙe kaye ya rubuta, har kuɗin ruwan leda.

Lafiya fa?

Ruwan Paraku ya kusa ninka na Yamai, sauro kuwa sai wanda ya gani. Mun tafi da gidan sauro uku. Auta tana cikin shekarun da ake ba yara maganin rigakafin zazzaɓin damina wata-wata, saboda haka uwarta ta yi magana da ma'aikatan lafiya kafin mu tashi don kada zagaye ya wuce ta. Duk da haka ɗana ya kwanta a mako na uku. Aka gwada jini a ranar, aka fara magani, bayan kwana uku ya miƙe. Zazzaɓi a jikin yaro ba a jira da shi a ce sai an gama addu'a. A yi addu'ar a kan hanyar likita.

Abinci bai ba mu wuya ba. Sakwara da miyar gyaɗa da cukun Fulani da suke kira wagashi, yara har yanzu suna maganarsu. Ni dai na yi kewar fura.

Wace ƙa'ida kuka bi wajen zama da 'ya'yan mutane?

Babba ba ya keɓewa da ɗalibi a ɗaki, ko ni ko wani. 'Yan mata wajen maiɗakina suke zuwa. Ba mu karɓi lambar wayar yaro ba, ta iyaye muke karɓa. Ba mu ba kowane yaro kuɗi a hannu ba. In akwai buƙata, ta hannun dattawan ikilisiya take bi. Hotunan yaran kuma ba za ku gan su a intanet ba, ko da yake an yi ta roƙona in saka. Ba 'ya'yana ba ne da zan baje fuskokinsu don a yaba mini.

Mutum nawa suka tuba?

Ba mu ƙirga ba, kuma da gangan ne. Yaro ɗan shekara 14 zai ɗaga hannu don ya faranta wa baƙon da ya koya masa lissafi. In na rubuta wannan a rahoto na ce rayuka kaza, na yi wa ikilisiya ƙarya, na kuma ɗora wa yaron abin da bai gane ba. Abin da zan iya faɗa: 'ya'yan Kirista da dama da ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki da kansu ba sun fara karantawa, wasu kuma sun yi tambayoyi masu nauyi waɗanda fasto ke bi a hankali tare da sanin iyayensu. Matasan nan biyu na jami'a suna ci gaba da zama da ɗaliban duk Asabar. Tun farko mun shirya cewa su ne masu aikin, da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa a makon ƙarshe na koma benci na baya na bar musu allo.

Ni ba malami ba ne, ba fasto ba. Zan iya zuwa?

In an gayyace ka, kuma dattawanka sun yarda su aike ka. Tela, makaniki, mai gyaran waya, duk akwai ɗaliban da za su zauna a gabansu da murna, musamman waɗanda karatu ya ƙi. Amma ka fara a unguwarku. Wanda bai taɓa zama da yaran lakwal na layinsu ya taya su aikin gida ba, ƙetare kogi ba zai sa ya iya ba. Kuma in akwai rigima tsakaninka da iyalinka, ku gyara kafin ku tashi, domin ɗaki biyu da zafi da gajiya ba sa rufa asiri.

Za ku koma?

Sun sake rubutowa, mun kuma ce in Ubangiji ya yarda, kuma hanya ta yi kyau. Wannan karon suna neman mai koyar da Ingilishi da mace ta biyu da za ta taya maiɗakina, domin 'yan matan sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Za mu fara bin gidajen iyaye tun kafin ranar buɗewa, saboda haka tafiyar za ta ƙaru da mako guda. Mai sha'awa ya sami dattawan ikilisiya kafin Ista, don a samu lokacin yin takardun yara da fara tara kuɗin mota.